Kashi na Biyu: Ƙarin Labari ko Ƙarin Hayaniya?

Duk malamin da ya tsaya a bakin ƙofar makaranta a Tudun Murtala da sassafe zai ga hoton Spider-Man a jakunkunan yara fiye da hoton kowane gwarzo na ƙasar Hausa. Fina-finan waɗannan jarumai masu ƙarfin mamaki sun shigo gidajenmu ta wayar hannu da shagunan masu tura fina-finai. Da yake tarbiyyar tunanin yara amana ce a wuyanmu, ya wajaba mu auna wannan kaya mu san nauyinsa.

Kamfanin Marvel ya fara jerin fina-finansa da Iron Man a 2008, kuma tun daga lokacin kowane kashi yake buɗe ƙofar wani. Avengers: Endgame na 2019 ya tara fiye da dala biliyan biyu da rabi. Sai dai yawan kuɗi shaidar kasuwa ce, ingancin labari kuwa da wani ma'auni ake gane shi. A kashin da ya gabata, na 2018, rabin halittu sun ɓace, 'yan kallo suka yi jimami, bayan shekara guda aka dawo da su. Idan mutuwa ta zama abin warwarewa duk sa'ad da kamfani ya so, me ya rage da zai girgiza zuciyar mai kallo? Sai rushewar gine-gine da walƙiyar kwamfuta.

Adalci ne mu ce ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Da Chadwick Boseman, tauraron Black Panther, ya rasu a 2020, masu fim ɗin ba su ɗora wani a gurbinsa ba. Sun gina kashi na biyu, na 2022, a kan baƙin cikin uwa da ƙanwa. Wannan kashi yana da dalilin zuwa duniya, domin akwai sabon rashi da sabon nauyi.

Mu ma muna da gadon ci gaban labari. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam littattafai uku ce, kuma na ukun bai maimaita na farko ba: akun da ya riƙa ba da labari ya koma koya wa ɗansa sana'ar magana. Gizo na tatsuniya yakan dawo kowane dare, amma kowace dawowa da sabuwar dabara, da sakamako, da ƙurunƙus. Abin takaici, wasu shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango sun ɗauki cutar jan labari har ya tsinke.

Illar tana bayyana a ajinmu. Mukan ba 'yan aji biyar aikin ƙirƙirar labari, sai a kawo mana faɗa daga layin farko zuwa na ƙarshe. In muka tambayi yaro dalilin faɗan, sai ya yi shiru. Ya koyi motsi, bai koyi sababi ba, alhali sababi shi ne ƙashin bayan insha'i, har ma da lissafi da tarihi.

Hani kaɗai ba zai yi magani ba, domin abin da aka hana a falo ana kallonsa a zaure. Shawararmu ga 'yan uwa malamai da iyaye ita ce mu mayar da kallon darasi. Bayan kowane fim, mu yi wa yaro tambayoyi uku: Me jarumin yake tsoron rasawa? Me ya canza a halinsa tsakanin kashi na ɗaya da na biyu? Da an cire faɗace-faɗacen, akwai sauran labari? Yaron da ya saba amsa waɗannan zai iya bambance tsaba da ƙaiƙayi, ko a fim, ko a littafi, ko a bakin ɗan siyasa ranar da ya isa jefa ƙuri'a.