Talla da Karantarwa: Ina Hikima Ta Tsaya, Ina Yaudara Ta Soma?

Wani bawan Allah mai sayar da yadi a Sabon Garin Zariya ya tare ni da tambaya bayan sallar Azahar. Ya ce ɗansa ya matsa masa lamba a yi wa shagonsu talla ta wayar hannu, da hoto da daɗin baki, shi kuwa zuciyarsa ta ƙi kwanciya, domin a ganinsa talla da yaudara uwarsu ɗaya. Na ce ya dakace ni a wannan fili, don na san ba shi kaɗai ke da wannan waswasi ba.

To, jama'a, neman dabarar da magana za ta shiga zuciya ba baƙon abu ba ne gare mu. Ya zo cikin hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ja layi a ƙasa, ya ja waɗansu dama da hagunsa, don ya nuna wa Sahabbai tafarki madaidaici da hanyoyin ɓata. Buhari kuma ya ruwaito daga Ibnu Umar yadda ya yi musu kacici-kacici a kan wata itaciya mai kama da Musulmi, suka yi ta lalube cikin itatuwan daji, ashe dabino ake nufi. Ga zane, ga wasa ƙwaƙwalwa, duka a wurin karantarwa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta zuba wa matan karkara ilmi cikin waƙa don ya yi sauƙin hardacewa, haka nan Malam Aliyu Namangi na nan Zazzau, Allah Ya ji ƙansa, ya shigar da wa'azin Imfiraji gidajen da littafi bai taɓa shiga ba.

Da Turawa suka zo sai suka kawo majigi. Dattawa na tuna Baban Larai, wanda aka yi ta nunawa a shekarun 1950 don a kwaɗaitar da manoma noman auduga. Ya yi farin jini, amma fa magana ce mai tafiya gefe guda: hukuma ta faɗi, talaka ya kalla, mota ta naɗe kaya ta wuce.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wanda aka gwada a Samaru. A 1975 wani Bature, Michael Etherton, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello koyar da wasan kwaikwayo. Shi da abokan aikinsa suka juya tsarin majigi. Maimakon a zauna ofis a tsara saƙo, sai ɗalibai su tafi wurin mutane tukuna, su zauna, su saurari kukansu, sa'an nan su gina wasa da abin da suka jiyo, su koma su nuna shi a dandali, a ƙarshe a buɗe muhawara. Haka aka yi Wasan Manoma a ƙasar Soba cikin 1977, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ke kiran kowa ya koma gona. Daga baya suka lura har yanzu manomi ɗan kallo ne, sai a ayyukan da suka biyo, irin na Bomo, aka jawo mutanen gari cikin wasan da kansu. Ba ina cewa duk abin da ake yi a fagen wasa ya dace da shari'a ba ne, a'a. Darasin da na ɗauka shi ne sauraro kafin magana, kuma mu masu wa'azi mun fi kowa bukatarsa. Sau nawa malami ya kwashe sa'a guda yana amsa tambayar da babu wanda ya yi masa?

Talabijin ma ta nuna haka. Samanja ya faɗa wa soja da farar hula gaskiya cikin raha, aka yi dariya, aka kuma ji. Yaranmu na tashe tun tuni suke yin irin wannan cikin watan azumi. Wasannin waya da suka ɗauke hankalin 'ya'yanmu kuwa, sirrinsu ɗaya ne: mataki kaɗan-kaɗan, kowane da sakamakonsa nan take. Malamin Islamiyya a Zabi ko Samaru da zai yanka darasi ƙanana, ya sa gasa, ya yaba wa yaro tun bai tashi ba, da ya rage wahalar neman bulala.

Sai amsar mai yadi. Talla a kanta halal ce, domin sanar da haja ne. Amma Ibnu Abi Zaidi, cikin babin ciniki na Risala, ya lissafa algus da yaudara da ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta ba. Muslim kuma ya ruwaito labarin mai abincin da ya binne jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, Annabi ya sa hannu ya tono, ya tsawatar masa. Hoton da aka gyara har ya fi hajar kyau, wannan tsibin ne ya dawo da sabuwar riga. Haka masu maganin da ke yawo da lasifika a kasuwanni, ƙulli ɗaya wai ya warkar da cuta goma, ga batsa a kunnen yara. Kai ma'aikaci mai rubuta sanarwar hukuma, hukuncin bai tsallake ka ba: in ka ce aiki ya kammala alhali harsashi aka sa, ka ɓoye aibi.

Saboda haka, Alhaji, bar yaro ya yi tallarsa. Sai dai hoton ya zama na yadin da ke kan kanta, ba na wani ba. In yana zuba a wanki, a faɗa. Kada a yi rantsuwa, kada a kushe hajar maƙwabci, kada a sa tsiraici. Farashin da aka rubuta kuma shi mai saye zai tarar in ya zo.