Motar Gayu ko Motar Shiga Ƙauye: Ku Tambayi Hanyar da Kuke Bi



A 'yan shekarun nan, wasu daga cikinku da Ubangiji ya buɗa musu hanyar samu sun sayi motocin nan masu ƙofa biyu, masu kwanciya ƙasa-ƙasa da rugugin inji, irin su Ford Mustang da Chevrolet Camaro. Yanzu kuma tambaya tana yawo a tsakaninku: a ci gaba da riƙe motar, ko a sayar a sayi jif ko Hilux? Ra'ayinmu shi ne, ga mafi yawanku, musamman waɗanda iyayensu ke ƙauye, sauyawa ta fi. Sai dai akwai sauyawar da ke fitar da mutum daga rami ta jefa shi rijiya, don haka ku bi mu sannu a hankali.

Mu fara da hanya, domin ita ce alƙalin kowace mota. An ƙera motar tsere ne domin shimfiɗaɗɗiyar kwalta marar rami. Tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa ba ta cika wuce santimita 15 ba, alhali ta Hilux ko Prado ta haura santimita 20. A takarda bambancin ƙarami ne. A kan hanyar burji da ruwa ya zaizaye kuwa, shi ne ke raba wanda ya isa gida da wanda ya fasa kwanon baƙin mai a kan dutse. Ƙari a kan haka, tayoyin motar tsere ba su da kauri a gefe, rami ɗaya yana iya fasa taya ya lanƙwasa ƙarfenta. Ƙarfin injin kuma tayoyin baya kaɗai yake zuwa, shi ya sa idan ta shiga taɓo sai ta yi ta haƙa wa kanta kabari. Wanda ya taɓa hawa dutsen Mambila daga Serti zuwa Gembu, ko ya ratsa ƙauyukan Kudancin Kaduna a watan Agusta, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Sai maganar mutane. Kujerun bayan motar tsere suna nan dai don a ce akwai su. Babban mutum ba zai iya zama a ciki daga Abuja zuwa Jos ba. Ku yi tunanin Mama da ciwon gwiwa tana ƙoƙarin durƙusawa ta shiga, ko Baba da sandarsa yana ƙoƙarin fitowa. Ku yi tunanin daren da za a kira ku a ce ƙanwarku tana naƙuda a ƙauye, ruwa kuma yana zuba tun la'asar. Ku tuna buhun masara da doyar da ake haɗa muku bayan Kirsimeti, da ranar jana'iza da ake neman wanda zai ɗauki tsofaffi. A irin gidajenmu, mota ɗaya ta dangi ce gaba ɗaya, ko da sunan mutum ɗaya ne a takardunta. Abin da aka ba mu amana ne, kuma ana gane mai riƙon amana ta wurin yawan mutanen da suka amfana da abin da ke hannunsa.

Na uku shi ne gyara. Toyota ta fara ƙera Hilux tun 1968, sunan Land Cruiser kuma ya fito tun 1954. Kanikawanmu sun girma suna kwance su suna ɗaurawa. Kayan gyaransu suna samuwa a Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Apo a Abuja, har ma a ƙananan garuruwa. Mai motar tsere kuwa sau da yawa sai ya jira a aiko masa daga Legas ko daga Amurka, ya biya da farashin dala. Ita Camaro ma kamfaninta ya daina ƙera ta bayan samfurin 2024.

To, bari mu yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Wani zai ce, "Fasto, guminna ne, ban saci na kowa ba, kuma ina jin daɗin motata." Gaskiyarsa. Jin daɗin abin da ka samu ta hanyar halal ba laifi ba ne, kuma ba za mu ɗora wa kowa nauyin da ba nasa ba. Matashin da aikinsa da gidansa da iyayensa duk suna cikin birni, wanda ba ya barin kwalta sai sau ɗaya a shekara, ba shi da dalilin gaggawar sauyawa. Zai fi masa arha ya ɗauki hayar mota a wannan tafiya ɗaya. Abin da kawai za mu tuna masa shi ne, dokar hanya a Najeriya ta tsayar da gudun ƙananan motoci a kilomita 100 cikin awa a kan babban titi mai hannu biyu. Motar da aka ƙera ta iya ninka wannan tana jarabtar ƙafar matashi kullum, kuma mun binne isassun matasa.

Haka kuma kada wani ya ɗauka jif zai rage masa kuɗin mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Babban jif mai silinda takwas yana shan mai kamar Mustang mai silinda takwas, wani lokaci ma fiye. Tayoyinsa manya ne, farashinsu ma haka. Sannan motar gayu tana da wuyar sayarwa domin masu nemanta kaɗan ne, jif da Hilux kuwa kowa na so, saboda haka kusan tabbas ne sai ka yi ciko. Idan cikon nan bashi ne, ko kuɗin makarantar ƙannenka, ko abin da ka tara domin aure, to ka dakata. Wanda ya ci bashi don ya hau tudu, mai bin bashin zai riga shi isa can.

Akwai kuma haɗari na dabam. Mota mai tsayi nauyinta yana sama, don haka ta fi saurin kifewa idan aka sha kwana da gudu ko aka kauce wa rami da ƙarfi. Wanda ya saba da motar da ke manne da ƙasa dole ya sake koyon tuƙi. A irin su Hilux, giyar da ke jan taya huɗu ta laka da yashi ce. Barinta a kan busasshiyar kwalta yana lalata mota. Kuma jan taya huɗu ba ya mai da mota kwalekwale. Idan ruwa ya shafe gada ko kwalbati, ku tsaya ku jira. Gara a yi latti da a yi makoki.

Abin da ya fi damunmu shi ne zuciya. A ƙasarmu baƙin jif shi ma tambarin isa ne. Mutum zai iya sayar da motar da samari ke yi wa tafi, ya sayi wadda dattawa ke miƙe wa tsaye, girman kan nan dai yana zaune daram a kujerar direba. Babbar mota mai sheƙi kuma tana jan idon da ba ka so a hanyoyin da tsaro ya yi ƙaranci. Idan da gaske hidima kake nema, tsohuwar Hilux mai lafiya, ko ƙaramin jif irin RAV4 mai ɗan tsayi, zai kai ka yawancin wuraren da kake zuwa ba tare da ya cinye albashinka ba.

Ga shawararmu. Ɗauki takarda ka rubuta duk tafiye-tafiyen da ka yi cikin watanni 12 da suka wuce. Sau nawa ka bar kwalta? Sau nawa ka ajiye motarka a gari ka hau acaɓa ka ƙarasa gida? Sau nawa aka nemi taimakonka ka ce motar ba za ta iya ba? Sannan ka rubuta kuɗin ciko, da na mai, da na taya, da na inshora. Ka tafi da amintaccen bakanike ya duba ƙarƙashin motar da kake so, domin motar da ta sha daji tana ɓoye ciwonta a ciki. Ka yi shawara da matarka ko iyayenka, ka kai maganar cikin addu'a, ka bar ta ta kwana aƙalla wata ɗaya. Idan bayan wannan lissafin ya nuna hanyarka ta ƙauye ce kuma aljihunka zai ɗauka, ka sauya ba tare da waiwaye ba.

Ubangiji ya ba ku hikima, ya kiyaye fitarku da shigarku. Amin.