Mawaƙi, Matarsa Da Kwalba

Akwai wani labari da mutanen Amurka suka ƙi gajiya da shi. Sau huɗu ke nan suna mai da shi wasan sinima, cikin 1937, da 1954, da 1976, sa'an nan 2018, kullum da suna guda, A Star Is Born, watau an haifi tauraruwa. Indiyawa ma sun yi mai kama da shi cikin 2013, Aashiqui 2. Abin da aka maimaita haka ya isa mu tsaya mu dube shi, musamman mu da amanar tarbiyyar yara ke hannunmu.

A na 2018, Bradley Cooper ne ya tsara wasan, ya kuma fito a matsayin Jackson Maine, mawaƙin da sunansa ya game ƙasa, amma giya da ƙwaya sun ci ƙarfinsa, ga kunnensa yana mutuwa a hankali. Wata rana da dare neman abin sha ya kai shi wata mashaya, ya tarad da wata yarinya mai aikin gidan abinci, Ally, tana waƙa. Lady Gaga ce ta fito a madadinta. Ya ji muryarta, ya jawo ta bisa dandamali gaban dubban mutane, daga baya suka yi aure. Tun daga nan tauraruwarta ke hawa, tasa tana faɗuwa. Ranar da aka ba ta lambar Grammy ya hau dandamali a buge, ya yi fitsari a wando duniya na kallo.

To, a nan mun yaba wa masu wasan ƙwarai. Ba su mai da mashayin nan abin dariya ba, ba su kuwa mai da shi shaiɗan ba. Mutum ne mai kirki da baiwa, wanda cuta ta kama. Matarsa ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk ƙaunarta ba ta raba shi da kwalba ba, sai da ya kwanta gidan jinyar mashaya. Wanda ya taɓa zama da mashayi ya san wannan gaskiya ce. Ba mamaki Cooper ya iya wasan, gama shi da bakinsa ya ce tun 2004 ya bar sha. Judy Garland kuwa, wadda ta fito a matsayin matar cikin na 1954, ita ce ƙwayar barci ta kashe a birnin Landan cikin 1969, tana da shekara 47. Ashe mai jinyar cikin wasa ita ce majinyaciya a gida.

Amma fa ƙarshen labarin ne ba mu yarda da shi ba. Bayan Jackson ya fito daga jinya, manajan matarsa ya same shi ya gaya masa shi ne ƙarfen ƙafarta, kuma ko ba daɗe ko ba jima zai koma ruwa. Da ya ji haka, ya bari ta tafi wurin wasa, ya rataye kansa. A na 1937 da na 1954 mijin teku ya shiga bai komo ba, a na 1976 mota ya tuƙa da mugun gudu har ya hallaka, Ba'indiyen kuwa daga kan gada ya faɗa. Kowane lokaci sai a biyo da kiɗa mai taushi da hawaye, har mai kallo ya tashi da zaton mutumin nan sadaukar da ransa ya yi don matarsa ta huta. Wace hutawa? Ya bar ta da takaba da zargin kai. Kuma ina amfanin gaya wa mutumin da ke kokawa da shaye-shaye cewa mutuwarsa alheri ce ga iyalinsa? Mashaya da yawa sun warke sun tsufa cikin 'ya'yansu, mai tsara wasan ma shaida ne, amma sau huɗu ba a ga labarinsu ya isa wasa ba.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. Cikin shekara ta 2018, watan Mayu, Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan BBC ta nuna yadda samari da 'yammata ke kwankwaɗarsa, har da na Kano.

Wasan nan ba na yara ba ne, akwai ashar da tsiraici a ciki, amma mun sani manyan 'yan makaranta suna iya samunsa a waya, tun da waƙarsa Shallow ta ci lambar Oscar cikin 2019, ta zaga duniya. Saboda haka muna roƙon malamai, in zancen ya taso a aji, kada su kashe shi da tsawa. Su tambayi yaran me ya kamata manajan nan ya faɗa, wa kuma ya kamata Jackson ya kira a daren nan kafin ya rufe ƙofa.