Gicciye Da Fansa: Ka San Abin Da Maƙwabcinka Kirista Yake Nufi?

Ya ɗan'uwa mai karatu, in kai mutumin ƙasar Birnin Kudu ne ko Gwaram, ba sai an gaya maka akwai Kirista a cikinmu ba. Akwai su cikin Warjawa, akwai su cikin Hausawan karkara da kakanninsu Maguzawa ne, ga kuma baƙi ma'aikata a asibitin tarayya na Birnin Kudu. Kuna cin kasuwar Sara tare, kuna shiga motar Ningi tare. To amma in aka tsare ka aka ce faɗi abin da gicciyen nan da ke kan cocinsu yake nufi a wurinsu, za ka iya? Yawancin ɗalibanmu amsa biyu suke da ita: wai itacen suke bauta wa, ko kuma wai an riga an yafe musu komai, don haka sai su yi abin da suka ga dama. Duka biyun ba haka ba ne, kuma ƙarya ba ta halatta don wanda aka yi wa ita ba Musulmi ba ne.

Ga yadda su suke faɗa. Suna cewa saɓon da Adamu ya yi bai tsaya kansa shi kaɗai ba, ya shiga zuriyarsa gaba ɗaya kamar ciwon gado, har ya raba mutum da Mahaliccinsa. Hukuncin zunubi a wurinsu mutuwa ne, kuma mutum ba ya iya biyan wannan bashi da aikinsa komai yawansa, domin mai biyan ma ana bin sa. Allah kuwa mai adalci ne, ba zai bar laifi ya tafi haka nan ba, kuma mai jinƙai ne, ba ya son bawansa ya hallaka. Sai suka ce a kan gicciye ne adalcin da jinƙan suka haɗu: Yesu Almasihu, wanda suke ɗauka Ɗan Allah ne marar zunubi, ya ɗauki hukuncin a madadin mutane. Sun ce an gicciye shi ran Juma'a a bayan garin Ƙudus, zamanin gwamnan Rumawa Bilatus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 26 zuwa ta 36, ya kuma tashi ran Lahadi. Tashin nan shi ne Ista. Bulus ma ya rubuta wa mutanen Koranti cewa in babu tashin, addinin nasu duka aikin banza ne.

Ka lura da kalmar da Hausawa Kirista suke amfani da ita: fansa. Kalmarmu ce, ba baƙuwa ba. A da, in an kama mutum a yaƙi, danginsa su tara dukiya su fanso shi, bawa ma yakan fanshi kansa. Yau kuwa, Allah ya kyauta, ko yaro ya san kuɗin fansa. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aikin da Dokta Miller na Zariya ya ba ƙarfinsa, Kiristan ƙasar Hausa da wannan kalma yake fahimtar cetonsa: shi kamamme ne, wani ya biya, aka sake shi. Suna kuma haɗa shi da ragon Idin Ƙetarewa na Bani Isra'ila, shi ya sa za ka ji suna kiran Yesu Ɗan Ragon Allah.

Su ma fa ba bakinsu ɗaya ba wajen bayani. Wasu magabatansu sun ce Shaiɗan aka biya fansar. Wani malaminsu Anselm, wanda ya mutu a 1109, ya ce a'a, Shaiɗan ba ya bin kowa bashi, hakkin Allah ne aka keta, shi aka biya. Daga baya, bayan Martin Luther ya ta da rigimarsa a 1517, sai aka shiga gardamar ko bangaskiya kaɗai ke ceto, ko sai da aiki da ibadun coci. Ɗan ECWA da ɗan Katolika har gobe ba su gama wannan ba, kamar yadda mu ma muke da namu saɓanin. Amma zancen a yi zunubi tun da an riga an biya, Bulus da kansa ya kawo shi a babi na 6 na wasiƙarsa ga Romawa, ya yi watsi da shi.

Mu kuma matsayinmu a fili yake, ba mai ɓoye shi. Aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta kore kashe Annabi Isa (AS) da gicciye shi, ayar da ke binta ta tabbatar Allah ya ɗauke shi. Suratul Baƙara ta nuna Annabi Adamu (AS) ya tuba an karɓi tubarsa, ke nan babu bashin da ya bar mana gado. Suratul An'am aya ta 164 ta nuna ba mai ɗaukar nauyin laifin wani. Fansa da rago muna da ita, a ƙissar Annabi Ibrahim (AS) da ɗansa, amma ragonmu na layya ba ya ɗauke zunubin kowa a madadinsa. A nan hanya ta rabu, kuma rabuwa ce ta gaske, wanda ya ce duk abu ɗaya ne bai yi wa ɗayanmu adalci ba.

To me ya sa nake so a koyar da wannan a Islamiyya? Na san wani malami zai ce ana tsoron yaro ya ruɗe. Ni a ganina wanda zai ruɗe shi ne yaron da aka gaya wa itace suke bauta wa, ya je sakandare ya tarar da abokinsa Kirista ya yi masa bayani dalla-dalla, ya gane abin da aka faɗa masa a gida ba daidai ba ne. Daga nan sai ya fara shakkar sauran karatun. Na biyu, Suratul Ankabut aya ta 46 ta umarce mu da yin muhawara da Ahlul Kitabi ta hanya mafi kyau, yaya za ka yi muhawara mai kyau kan maganar da ba ka san ta ba? Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) a gaban Najjashi bai ɓoye aƙidarsa kan Annabi Isa ba, bai kuma zagi kowa ba.

Kuma mun ga inda baki yake kai gari. Rikicin Kafanchan na 1987 daga wa'azi a kwalejin horon malamai ya tashi, ya bazu har Zariya da Funtuwa. Nan Dutse, a watan Satumba na 2006, gardamar addini tsakanin mutane ƙalilan ta ƙare da ƙona coci-coci da shaguna. Daga Birnin Kudu zuwa Dutse ko awa ɗaya ba a yi a mota.