Dutsen Zimbabuwe, darasi gare mu

 Wayar da kuke karanta wannan rubutu da ita, batirinta lityom ne, kuma akwai ɗan ƙarfen tantal cikin kayan cikinta. Dukansu biyu ana samun su a Bikita, cikin ƙasar Zimbabuwe.

A 2022 kamfanin Sinomine na ƙasar Sin ya sayi mahaƙar Bikita a kan dala miliyan 180. Wani kamfanin Sin, Huayou, ya sayi ta Arcadia kusa da Harare a kan miliyan 422. A watan Disamba na 2022 gwamnati ta hana fitar da ɗanyen dutsen lityom: mai so, sai ya gyara shi cikin ƙasa. Huayou ya gina masana'antar niƙa da tace dutsen, aka buɗe ta a 2023.

Mu dai a ganinmu sun yi daidai. Wanda ya sayar da gyaɗa ɗanya, wani ne zai ci ribar mai da ƙuli-ƙuli. Kamiyo cike da dutse ba ya barin komai sai rami da ƙura.

Amma mu faɗi gaskiya, doka kaɗai ba ta isa. Masana'anta kuran take ci, alhali in ruwan madatsar Kariba ya ja baya, Zimbabuwe na wuni cikin ɗaukewar wuta. Ƙananan mahaƙa da ba su da injin tacewa sun rasa masu saye. Kuma farashin lityom ya faɗi warwas bayan 2022. Bayan an buɗe masana'antar ma, garin dutsen Sin aka ci gaba da kai shi, can ake yin batir.

Wannan labari ba baƙonmu ba ne. Tun 1971 ake haƙar iraniyom a Arlit. Amma a watan Agusta 2023, da Nijeriya ta yanke mana kuran, kowa ya ga duhun da muka shiga.

Saboda haka duk ranar da aka ce an sa hannu kan sabuwar yarjejeniyar ma'adinai, kada mu tsaya ga tafi. Mu tambaya: ina za a tace shi? Da wace wuta? Ƴaƴanmu nawa za a koya wa aikin? Wa zai cike ramin in an tashi?

Ku fa, me kuka gani? Muna jiran ra'ayinku a ƙasa. Allah ya albarkaci ƙasarmu.