Inshorar Ɗan Haya: A Karanta Kafin A Sa Hannu

A Amurka ba baƙon abu ba ne mai gida ya rubuta cikin takardar haya cewa sai ɗan haya ya yanki inshora kafin a ba shi mabuɗi. Mu a nan, ɗan'uwanmu da ke neman ɗaki a Agege ko shago a Mile 12 ya fi sanin kuɗin ejan da kuɗin lauya. To amma dokar ƙasa ta daɗe da buɗe wa masu gidaje wannan ƙofa.

Dokar Inshora ta 2003, a sashe na 65, ta ce dole a yi wa gine-ginen da jama'a ke shiga inshora saboda gobara, ambaliya ko rushewa, ta kuma lissafa gidan haya a ciki. Nauyin ta ɗora shi a kan mai gida ko wanda ke zaune a ciki. Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ba ta ɗauke wannan tilas ba. Saboda haka mai gida a Ikko ko Badun yana iya tura kuɗin kan ɗan haya, ya ce ai doka ce.

A nan ne ya kamata a buɗe ido. Inshorar da doka ta tilasta an yi ta ne domin biyan diyyar wanda ginin ya raunata ko ya yi wa ɓarna. In mai gida ya yanki tasa daban, bangonsa da rufinsa ya tsare. Buhunan wakenka da keken ɗinkinka sai ka yi musu tasu takardar da sunanka. Wanda ya miƙa wa mai gida kuɗi wai na inshora, bai ga takarda ba, bai ga sunan kamfani ba, ƙarin haya kawai ya biya.

Akwai kuma abin da ya fi shafar mu 'yan Arewa. Inshorar gobara ta yau da kullum ba ta biyan wutar da aka cinna a lokacin tarzoma, sai an ƙara wannan sharaɗi an biya kuɗinsa. Duk wanda ya tuna yadda shaguna suka ƙone a kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairun 2021 ya san irin wutar da mu ka fi tsoro ke nan.

Masu gudun inshora saboda addini, na san suna da yawa, ba su rasa hanya ba. Hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma akwai kamfanonin da ta ba lasisi. A ganina sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su ya kamata su nemi waɗannan kamfanoni, su yi ciniki a ƙungiyance, kafin ejan ya zo da takardar da shi ya tsara.