Fili gwargwadon fatar ɓauna

Duk wanda fatauci ya kai shi Indiya har ya samu ya leƙa Kathmandu, babban birnin Nepal, ya daure ya ba Boudhanath rabin yini. Ba shi da nisa da filin jirgi. Ni shagunan darduma da ke kewaye da shi suka kai ni, sai ginin ya riƙe ni har la'asar.

Irin wannan gini stupa suke ce masa. Ba ɗaki ba ne, ba a shiga cikinsa. Tuli ne cike tam, kamar an kife ƙatuwar ƙwarya an shafe ta da farar ƙasa, kuma a cikin irinsa mabiya Buddha suke binne ƙasusuwa ko kayan manyan malamansu. Wannan tsayinsa kamar mita 36 ne. A samansa an zana idanu suna duban gabas da yamma, kudu da arewa, sai matakala 13 masu ruwan zinariya. Masu ibada suna zagaya shi suna barinsa a hannun dama. Ni da nake Musulmi ba ruwana da zagaye, benen wani mai shayi na hau na zauna kallo, ba wanda ya ce mini kanzil.

Littattafan tarihin Nepal sun danganta ginin ga sarakunan Licchavi na ƙarni na 5 da na 6. Amma labarin da mutanen Tibet ke bayarwa ya fi daɗi. Wai wata talaka mai kiwon kaji ce ta je gaban sarki ta roƙi fili, ba mai yawa ba, gwargwadon abin da fatar ɓauna ɗaya za ta rufe. Sarki ya ce ya ba ta. Baiwar Allah ta zauna ta yayyanka fatar siri-siri, ta ƙulla ta zama igiya, ta kewaye makeken fili da ita. Manyan gari suka garzaya fada da ƙara, sarki ya ce magana ta riga ta fita daga bakinsa, ba ya janyewa. Da kuɗin kaji ta soma ginin, ta rasu bai ƙare ba, 'ya'yanta maza huɗu suka kammala. Kai, da wannan mata a kasuwarmu take, ba dillalin da zai ci kwabonta!

Ginin yana kan tsohuwar hanyar fatake tsakanin Tibet da kwarin Kathmandu. Nan ayari ke sauka, su huta, su yi addu'o'insu kafin su fuskanci duwatsun Himalaya. Zango ke nan, irin wanda muka sani. Da China ta murƙushe boren Tibet a 1959, Dalai Lama ya gudu Indiya, dubban mutanensa suka tsallako Nepal, da yawa suka zauna a gindin wannan gini. Su suka raya sana'ar saƙar darduma, har ta shiga sahun manyan kayan da Nepal ke fitarwa waje. Da girgizar ƙasar Afrilun 2015 ta tsattsaga saman ginin, da gudummawar masu ibada aka gyara shi, aka sake buɗewa a Nuwamban 2016.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar takarda. Waɗanda suka iso bayan 1989, Nepal ba ta ba su katin 'yan gudun hijira ba, kuma yara da dama da aka haifa a can sun girma ba su da takardar shaida ko ɗaya. Wanda ba shi da ita, aikin gwamnati ya fi ƙarfinsa, tafiya waje wahala ce, fili kuwa ba ya saye da sunansa. Kullum da yamma za ka gan su, tsofaffi da jikokinsu, suna zagaya filin da mai kaji ta samu da kalmar sarki guda ɗaya.